Wasiƙar godiya ga masassaƙa da masu bugu na gidan Adachi, Tokyo

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Adachi Institute of Woodcut Prints,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin in gode muku, in kuma shaida wa masu son zane a nan wajenmu cewa har yanzu akwai gidan da yake buga hotunan gargajiyar Japan da ake kira ukiyo-e da hannu, da allon katako, yadda ake yi a zamanin da Tokyo take amsa sunan Edo. Tun 1928 kuke kan wannan sana'a. Wanda ya san yadda injin buga takardu ya durƙusar da sana'o'in hannu a ko'ina ya san cewa riƙe ta kusan shekara ɗari ba ƙaramin aiki ba ne.

Hoton da na saya a wurinku shi ne na kyawawan mata uku da Kitagawa Utamaro ya zana wajen 1793, wanda Tsutaya Juzaburo ya fara wallafawa. Abin da ya fara burge ni shi ne gaskiyarku. Ba ku ce mini tsohon kaya ba ne. Kun faɗa ƙarara cewa sabon bugu ne, masassaƙinku ya sake sassaƙa allunan, mai bugunku ya sake bugawa. Kasuwar nan cike take da masu fitar da hoto daga kwamfuta, su shafa masa ɗan fenti da buroshi, su ce aikin hannu ne. Ba na ƙin kwafin da mai zane ya zauna ya yi da fentinsa, don ko Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, a 1887 ya kwaikwayi hotunan Hiroshige, wani gwanin ukiyo-e, da fentin mai. Amma hoton Utamaro tun asalinsa bugu ne, kuma wanda yake son ya ga yadda mutanen Edo suka gan shi, to a kawo masa bugu.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin, domin ɗalibaina da za su karanta. Ba mutum ɗaya yake yin hoton ba. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kan allon itacen ceri ya bi shi da wuƙa, ya cire duk inda ba a son tawada ta taɓa. Kowane launi da allonsa. Mai bugu ya shafa launi da ɗan gam na shinkafa, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka lulluɓe da ɓawon gora, wanda suke kira baren, har launin ya shige cikin jikin takardar. Sai ya koma kan allo na gaba. Wata 'yar alama ce kawai da aka sassaƙa a gefen allo take sa launi ya faɗa daidai inda ya kamata a kowane zagaye. Takardar kuwa ta Echizen ce da ke lardin Fukui, ita ma da hannu ake yin ta daga ɓawon bishiyar kozo, shi ya sa take jure wannan murza ba ta yage ba.

Inda na fi jinjina wa masassaƙinku shi ne gaban goshi, wurin da gashi yake tsirowa. Kowane silin gashi siririn katako ne da aka bari a tsaye bayan an sassaƙe gefensa biyu. Hannu ya ɗan karkace, shi ke nan, gashin ya tafi. A filin da ke bayan matan kuma akwai ƙyalli na garin dutse da ake shafawa, wanda hoton waya ba ya iya ɗauka. Sai ka karkata takardar wajen haske kake ganinsa.

Akwai kuma wani amfani da ban yi zato ba. Tsofaffin bugun da ke gidajen tarihi da yawa sun koɗe, saboda jan launi da shuɗin da ake samu daga furanni ba sa jure haske. Da na ga naku ne na gane cewa waɗannan hotuna ba masu dishi-dishi ba ne a ranar da aka fito da su kasuwa.

Masu sayar da kaya a intanet sukan kira duk macen da ke cikin irin wannan hoto geisha. A cikin ukun nan, Tomimoto Toyohina da ke tsakiya ita kaɗai ce geisha, wato ƙwararriya a kiɗa da waƙa da nishaɗantar da baƙi. Naniwaya Okita 'yar aiki ce a gidan shayi kusa da wurin ibadar Sensoji da ke Asakusa, Takashima Ohisa kuma 'yar mai shago ce a Ryogoku. Ta tambarin gidajensu da ke jikin hoton mutanen gari suke gane kowacce. Da na yi wa ɗalibaina wannan bayani, sai suka daina kallon fuskokin a matsayin abu guda, suka fara lura da bambancin hanci da ido da Utamaro ya ɓoye a ciki.

Godiyata ta ƙarshe ita ce a kan yaran da kuke koyarwa. Mu da muke ganin yadda rijiyoyin marinar Ƙofar Mata a Kano suke neman magada, mun san darajar gidan da yake zaunar da matashi shekara da shekaru yana koya masa riƙon wuƙa kafin a bar shi ya taɓa fuskar mace a kan allo. Ina roƙonku ku miƙa gaisuwata ta musamman ga masassaƙin da ya yi gashin Toyohina, da mai bugun da ya shimfiɗa ƙyallin bayanta.

Allah ya ƙara wa sana'arku albarka, ya kawo ciniki.

Naku,
Wani malamin zane daga Zariya