Kafin ka fasa bangon kicin

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ga hotunan gidan da marigayi Baba ya bari, ginin wajen 1960, da shirinka na fasa bangon kicin ya haɗe da falo. Ka ɗan ajiye guduma tukuna.

Rufi za ka fara dubawa, don duk aikin da aka yi ƙarƙashin yoyo asara ne. Idan rufin ko silin na asbestos ne, wato falle-fallen siminti da aka cakuɗa da wani ma'adini mai zare-zare, kamar gine-gine da yawa na wancan zamani, kada a yanka shi da inji. Ƙurarsa ce ke maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekara 20 ko fiye take bayyana. A jiƙa shi, a kwance shi falle-falle ba a fasa ba, kuma ƙwararru su yi. Tsohon fentin ƙofofi da tagogi ma sau da yawa akwai dalma a ciki, kada a goge shi a bushe yara na gidan.

Shi kuwa bangon, a leƙa cikin silin a ga ko katakon rufi a kansa suka zauna. In haka ne, injiniya zai lissafa kaurin bim ɗin da zai maye gurbinsa, wato dogon kankaren da ake giciyewa ya ɗauki nauyin rufi, a tokare rufin kafin a zare bulo ko ɗaya. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Birkila zai ce maka mako guda ya isa a cire tokara; maganar injiniya za ka bi.

Wayarin kam a sake shi duka. Robar tsohuwar waya ta bushe, da ka lanƙwasa ta sai ta farfashe, ga shi sau da yawa babu wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. A sa waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga soket, 1.5 ga fitilu, murhun lantarki da hitar ruwa kowanne da layinsa. Bututun ruwa na ƙarfe kuma daga ciki yake tsatsa, shi ya sa ruwan ke zuwa ja-ja, da ƙyar. A canza, a saki ruwa a tabbatar ba ya ɗiga, sannan a yi filasta.

Daɓen tarazon nan, na siminti mai gutsattsarin duwatsu, kada ka binne shi da tayil, gogewa kawai yake so. Ka kuma ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin aikin saboda abin da bango zai tona.

Ka turo min hoton cikin silin. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka