Godiya ga Ɗakin Karatun Unguwarmu Kan Zaman Tarihi na Ranar Asabar

Zuwa ga Malam shugaban ɗakin karatu da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman tarihi na wasu makarantun sakandare a cikin garin Bauchi muka ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a. Yabon gwani ya zama dole, kuma muna so sauran ɗakunan karatu su ji yadda kuke yi, ko wani zai ɗauka.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku yarda littafi ya yi magana shi kaɗai ba. Kowane zamani kuka ɗauko, sai kun bi da shi ta ƙofa uku: a karanta, a kalla, sannan a zauna da masani. Jerin ma da gangan kuka yi shi. Littafi ne farko, a ba mahalarta mako biyu da shafuffuka talatin zuwa arba'in, ba littafin gaba ɗaya ba, domin wanda aka ɗora wa shafi ɗari uku ba zai buɗe ko ɗaya ba. Fim ya biyo baya. In aka fara da fim, fuskar ɗan wasa da rawaninsa su ne za su zauna a kan yaro, daga nan duk abin da littafi ya faɗa sai ya ga kamar littafin ne ya yi kuskure. Masani kuma shi ne na ƙarshe, lokacin da tambayoyi suka taru.

Zaman da kuka yi kan Shaihu Umar ya isa misali. Littafin na ɗan garin nan ne, Sir Abubakar Tafawa Balewa, ya fito a 1934, kuma malamin da ke ba da labarin a Rauta yake zaune, nan kusa da Bauchi. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Kun raba wa kowa takarda mai gida uku: abin da ke cikin littafi, abin da fim ya ƙara ko ya rage, da abin da za a tambayi malami. Kun tsayar da fim sau uku, minti biyar biyar, don a rubuta tun ba a manta ba. Da masanin ya zo sai ya ware abin da yake tarihi, wato harin bayi da ayarin fatake masu ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a ƙarshen ƙarni na 19, daga abin da yake ƙagaggen labari. Ɗaliban da suka shigo suna ɗauka Umar mutum ne da ya rayu sun fita sun san ƙagagge ne, amma duniyar da aka sa shi a ciki ta gaske ce. Wannan rarrabewar ita ce rabin karatun tarihi.

Haka kuka yi da tsofaffin finafinan majigi na zamanin Turawa. Kafin a kunna, sai ma'aikacinku ya rubuta tambaya biyu a allo: wa ya biya kuɗin ɗaukar wannan hoto, kuma me yake so mai kallo ya yarda da shi? Tambayar nan ta yi amfani har a kan finafinan Turkiyya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda suka sa yara da yawa suna cakuɗa Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta ci Istanbul a 1453, da Daular Usmaniyya ta Sakkwato da ta faro daga hijirar Shehu a 1804. Suna ɗaya, tsakaninsu teku da Sahara. Taswirar da kuka liƙa a bango ta raba gardamar cikin minti biyu.

Ko na'urar ma kun san halinta. Kuna kakkaɓe matacin iskar majigi kafin kowane zama a lokacin hunturu, don ƙura in ta toshe shi sai na'urar ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar kallo. Kuna haɗa ta da batirin sola, ba da wutar layi kai tsaye ba, saboda ɗauke wuta ba tare da fanka ta gama sanyaya ƙwan ba shi ke rage masa kwana.

Inda muka fi jinjina muku shi ne takardun ajami da na Larabci da magidanta ke kawowa daga gidajen malamai. Wanda ya taɓa ganin yadda kuke buɗe gafaka ba zai manta ba. Ma'aikaciyar ta wanke hannu, ta tsane shi sarai, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, sannan ta zaro tadarishi, wato bangon da ke riƙe da takardun, a hankali. Dalili kuwa, tawadar zuge da ƙaro ruwa ne ajalinta, ɗan gumin yatsa ya isa ya tafi da kalma. Tsofaffin littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne, kuma ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan ɗaya da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Da ita take bi tana jerawa, in kalmar ba ta haɗu ba ta san akwai warƙar da ta ɓata, sai ta saka farar takarda a gurbin ta rubuta da fensir. Wani lokaci ta ɗaga warƙa ta fuskanci taga, sai ga jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa shigowa da ita ta Sahara. Alamar ba ta faɗin ranar rubutu, amma tana nuna hanyar da takardar ta biyo.

Kun kuma hana abubuwa biyu da suka hallaka takardu da yawa a garin nan: liƙi da salatif, da rufe takarda da leda mai zafi. Gam ɗin salatif yakan ratsa takarda ya mayar da ita ruwan ƙasa, ranar da aka ɓare shi kuma ya tafi da rubutun. Leda kuwa in ta kama ta kama ke nan. Ku hoto kuke ɗauka, kowace warƙa gaba da baya, a hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba, ku ajiye kwafi biyu a wurare daban, ku mayar wa mai abu abinsa da shawarar ya ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango, saboda gara da laimar damina. Mayar da kayan nan shi ya sa mutane suka saki jiki suna kawowa.

Akwai wani ɗan lissafi da kuka rubuta a jikin allo wanda ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Takardunmu da shekarar Hijira suke. Mutane sukan ɗauki tazarar da ke tsakanin kalandun biyu a yau, wato 579, su ƙara a kan kowace shekara. In aka yi haka da 1218, shekarar hijirar Shehu, sai a samu 1797, an kauce da shekara bakwai. Shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, duk shekara 33 an samu ratar shekara guda. Hanyar da kuka koyar ita ce a ninka shekarar Hijira da 0.97 a ƙara 622. Sai 1218 ta ba da 1803 zuwa 1804, 1321 kuma ta ba da 1903, shekarar yaƙin Burmi.

Burmi ɗin ma kun yi mata adalci. An karanta yadda Turawa suka shiga Bauchi a 1902, da yaƙin 27 ga Yuli 1903 a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu. Masanin ya nuna cewa rahoton soja yana da ƙarfi wajen rana da wuri, amma mai nasara ne ya rubuta shi don manyansa su karanta. Labarin baka kuma shi ke riƙe da dalilin hijirar da abin da ke zukatan mutane, har zuwa waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Mai Wurno zuwa Sudan, amma yakan haɗe yaƙi biyu ya mayar da su ɗaya. Sai an jera su kafaɗa da kafaɗa.

Hirar da kuke naɗa da dattawa ita ma da tsarinta. Na'ura biyu, ko ɗaya za ta ci amana. Waya a rufe mata layi don kada kira ya yanke naɗi. A kashe fanka, a kai janareta bayan gida, makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki. Minti arba'in da biyar a tashi, domin tsoho in ya gaji yakan ce e ga kowace tambaya don a ƙyale shi. Ba kwa cewa "Baba, a wace shekara ce?" Kukan ce "Baba, lokacin jirgin ƙasa ya iso Bauchi?" ko "da fam ake ciniki ko da naira?" Dogo ya iso Bauchi a 1961, naira ta shigo a 1973, an ƙirƙiri Jihar Bauchi a 1976. Da waɗannan turakun ake ɗaure labari. Kuma ba kwa zaunar da dattawa biyu wuri guda a hirar farko, don ƙarami zai bi bakin babba saboda kunya.

Muna da roƙo ɗaya, Malam. Zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa garin nan a 1809 ya yi mulki har 1845, da na Buba Yero a Gombe, sun samu rabonsu. Abin da ya gabace su ne bai samu ba. Zanen da ke jikin duwatsun Geji da Shira, da ragowar matoyar tama a dajin Yankari, suna nan cikin jiharmu, ɗalibanmu da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba. In za ku ware musu zango guda, ku gayyato masanin tonon kayan tarihi, mu za mu kawo ɗalibai, mu kuma ɗauki nauyin buga takardun karatun.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ɗakin nan albarka.

Naku,
Malaman tarihi na wasu makarantun sakandare, Bauchi