A nemi lauya tun kafin a sa hannu a kwangila

Ya mai girma Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan kasuwa da masu kamfanoni kan wata ɗabi'a da ke jawo musu asara, wato ƙin neman lauya har sai sammacin kotu ya iso. A lokacin kuwa aikin gama ya riga ya gama, domin takardun da aka sa wa hannu da rasidai da wasiƙu su ne hujja mafi ƙarfi a gaban alƙali, komai daɗewar amana tsakanin abokan hulɗa.

Lauyan da ya ƙware a harkar kasuwanci zai tabbatar yarjejeniya ta fayyace dokar ƙasar da za a bi idan an sami saɓani, da kuma ko kotu za a je ko gaban masu sasanci waɗanda ɓangarorin biyu suka zaɓa, suka kuma yarda hukuncinsu ya ɗaure su. A ganina wannan sharaɗi shi ne mafi muhimmanci ga mai ciniki da ƙasashen waje, saboda Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 160 suka amince da ita, tana ba da damar zartar da irin wannan hukunci a wata ƙasa, alhali zartar da hukuncin kotu a ƙetare yakan fi wuya.

Haka kuma, doka takan ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, kuma wanda ya yi jinkiri yana iya rasa haƙƙinsa ko da shi ne mai gaskiya.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku