Dokin mai baki ya fi gudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan sashen wasanni. Allah ya ƙara basira.

Shekara da shekaru nake bin shirinku, tun ina saya wa rediyo batir har zuwa yau da jikoki suka koya mini saurare ta waya, amma ban taɓa rubuto muku ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne zaɓen gwarzon ɗan wasa na shekara da kuka buɗe wa masu sauraro. Na kasa kunne ana karanto sunayen 'yan takara ina lanƙwasa yatsu, har aka kai ƙarshe ban ji wanda ba ɗan ƙwallon ƙafa ba. Da wani bawan Allah ya bugo waya ya ce ina 'yan dambe, ina 'yan kokawa, ina mahayan dawaki, sai mai gabatar da shirin ya yi dariya ya ce ai jama'a ke zaɓe, jama'a kuwa ƙwallo suke so. Dariyar ba ta dame ni ba. Amsar ce na kwana ina juyawa a raina.

Ni a barga na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dawakin wani attajiri ya yi wa hidima har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma aka ɗora ni kan sirdin sukuwa ina da shekara 13 saboda ba ni da nauyi. Kafin assalatu mun kwashe kashin dawaki, mun zuba harawa, mun jiƙa dusa da 'yar kanwa. Ana idar da salla mun fita kilisa tun rana ba ta yi zafi ba. Idan sukuwa ta matso, doki a ƙara masa gero, mahayi a rage masa tuwo. Akwai shekarar da na ci tsere a kan wani bikili mai taurin baki, wanda watanni kaɗan kafin nan ya kayar da ni ya karya mini hannu, mai ɗori ya ɗaure shi da karare. Mai shela ya ɗauki lasifika ya kira sunan dokin, ya kira sunan Alhaji har da kirari, makaɗa suka saki ganga, aka miƙa kofi. Ni ina can gefe riƙe da ragama, ina zagayawa da dokin don gumi ya bushe. Da yamma aka ba ni abin da ya saya mini takalmi. Sunana a filin nan kuwa "yaron Alhaji". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ka ce kukan tsoho ne da ya tuna ƙuruciya. Bari in kai ka ƙasar da sukuwa ke da gata, wato Birtaniya, inda kusan kullum ana tsere a wani fili, jaridu kuma suna buga sakamako. Tun 1954 BBC ke ba da kyautar gwarzon wasanni na shekara, kuma jama'a ke zaɓe kamar naku. Sai da aka yi shekara 56 kafin ɗan sukuwa ya ɗaga kofin nan. Lester Piggott ya ci babban tseren nan na Derby sau 9, ya yi zamaninsa ya sauka bai samu ba. Ranar 28 ga Satumba 1996 aka yi tsere 7 a filin Ascot, Frankie Dettori ya hau doki a kowanne, ya cinye duka. Duk wanda ya taɓa riƙe linzami ya san nauyin wannan magana, domin kowane doki da halinsa, wani sai ka lallashe shi, wani sai ka danne shi har kwanar ƙarshe sannan ka sake masa baki. Da shekara ta ƙare na uku aka ba shi, Damon Hill mai tseren mota ya tafi da kofin. Gaskiya ne masu wasu wasannin doki sun samu, ciki har da Gimbiya Anne a 1971 da 'yarta Zara a 2006. Ban ce ba su cancanta ba, gasa suka ci da gumin goshinsu, amma dai ka san 'yan gidan sarauta an san fuskarsu tun suna cikin zanin goyo.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Tony McCoy, ɗan Ireland ta Arewa, mai tseren tsallake shinge. Dogo ne a cikin mahaya, don haka rabin rayuwarsa a yunwa ya yi ta, da zama cikin ruwan zafi don ya zubar da nauyi. Karaya kuwa daga haƙarƙari har gadon baya babu inda bai sha ba. A kakar 2001 zuwa 2002 ya ci tsere 289, ya shafe tarihin 269 da Gordon Richards ya kafa tun 1947. A zaɓen shekarar na uku ya zo, bayan 'yar tseren gudu Paula Radcliffe da ɗan ƙwallo David Beckham. Ya ci gaba da zama zakaran mahaya ba fashi, har sau 15 a jere, kofin gwarzo shiru. Sai a watan Afrilun 2010 ya ci tseren Grand National a Aintree, kusa da Liverpool, a karo na 15 da ya gwada. Shi ne tseren da ko wanda bai san gaban doki da bayansa ba yake zama gaban talabijin ya kalla: a wancan lokacin dawaki 40 ne, shinge 30, tafiyar kilomita 7 da 'yan kai. A watan Disamba aka miƙa masa kofin da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa.

To Malam Edita, McCoy na 2010 ya fi McCoy na 2002 iya hawa ne? Ko kusa. A 2010 dai an gan shi. Minti 9 da ƙasa duka ta zuba masa ido sun yi masa abin da cin tsere sama da 3,000 bai yi masa ba. Ga shi kuma a shekarar masu harkar dawaki sun tashi haiƙan, sun yi ta kiran jama'a su fito su zaɓi nasu. Dokin mai baki ya fi gudu. Haka aka sake gani a 2021, da Rachael Blackmore ta zama mace ta farko da ta ci tseren Grand National: ƙarshen shekara BBC ta ba ta kyautar tauraruwar wasanni ta duniya.

Abin da zai ba ka mamaki, ƙwallon ƙafa ba ita ta fi cin kyautar nan a can ba, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle ne a kan gaba. Saboda haka ban riƙi ƙwallo a zuciya ba. Ni ma ina kallo, har ina da ƙungiyar da idan aka ci ta tuwon dare ba ya shiga. Magana ta ita ce ƙuri'a tana bin wanda aka nuna, kuma kafin ta kai hannun jama'a wani ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana tantance wanda zai shiga. A 2011 editocin jaridu da mujallu ne suka tsamo wa BBC 'yan takara 10, babu mace ko ɗaya a ciki. Surutun da aka yi ya sa shekara mai zuwa aka sauya tsari, aka kafa kwamiti. A shirinku mai tsaron ƙofar nan kai ne, ranka ya daɗe. Mai sauraro ba zai zaɓi sunan da bai taɓa ji daga bakinku ba tun daga Janairu har Disamba.

Duba gida. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 tagulla ɗaya Najeriya ta samo, a ƙwallon ƙafa, kowa ya san sunan kyaftin. Makonni kaɗan bayan haka 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman suka je garin nan dai suka dawo da zinare 8, azurfa 2, tagulla 2. Tsaya a kowace majalisa ka tambayi wace ce Lucy Ejike, mai ɗaga ƙarfe da ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016, ka ga yadda za a kalli juna. Sannan ka tsallaka Nijar. Tun 1975 da aka fara a Tawa ake kokawar neman takobi, kowace jiha ta kawo 'yan kokawa 10, rediyo da talabijin na ƙasa su watsa kai tsaye daga farko har ƙarshe. Yaron da ke tallan ruwa a Maraɗi zai lissafa maka wanda ya kayar da wane, da irin kamun da aka yi. Hausawan can da na nan jini ɗaya ne. Su an nuna musu ne.

Mu kuwa har mun manta cewa a filin sukuwa na Legas aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960, wurin da yau ake kira Dandalin Tafawa Balewa. Dandalin Murtala na Kaduna ma filin sukuwa ne asalinsa.

Sai dai laifi tudu ne, ba zan taka namu in hango naku kaɗai ba. Mu mutanen doki ba mu da rubutu. McCoy ya yi ritaya a 2015 da cin tsere 4,358, kowanne an rubuta rana da fili da sunan doki. Ni da nake maka wannan dogon bayani, ka tambaye ni tsere nawa na ci a rayuwata, sai dai in ce da dama. Ana gama sukuwa iska ta kwashe ƙura ta kwashe labari. Masu dawaki sunansu suke so a ji, ba na yaran da ke kan sirdi ba, kuma sau da yawa ba a sanar da ranar tsere sai ya rage kwana biyu. Ko kwamitin adalai aka kafa, da me zai auna mahayin Sakkwato da na Bida? Na yarda wannan gyara daga wajenmu zai fara.

Kuma don Allah kada a ce za a share mana hawaye da wata 'yar kyauta ta "sauran wasanni", a tara dambe da kokawa da langa da sukuwa da ƙwallon dawaki a kwando ɗaya, a miƙa a gurguje lokacin da mutane suka fara neman takalmansu. Wannan sadaka ce, mahayi kuwa ba bara ya fito ba.

Roƙona kaɗan ne. A cikin shirin mako ku ware mana ko minti 5, a faɗi inda aka yi sukuwa ko dambe ko kokawa da wanda ya ci. In doki ne, bayan sunan dokin da na mai shi a faɗi sunan yaron da ya hau. Ku ajiye sakamakon a littafi, tunda mu mun kasa. Idan lokacin tsamo 'yan takara ya yi, a zaunar da mutum ɗaya ko biyu da suka san ƙurar fili, ba masu kallon gasar Turai kaɗai ba. Bayan nan a bar jama'a su zaɓa. In ɗan ƙwallo ya sake ci, ni zan fara yi masa murna.

In kun shirya turo wakili, ya zo barga tun da asuba kafin a fita kilisa, kada ya jira sai la'asar da manya suka cika rumfa. Ya sa takalmi rufaffe, kuma kada ya bi ta bayan akawal ɗin da ke turken farko, yana harbi.

Na gode, a huta lafiya.

Naka mai sauraro,
Wani tsohon ɗan sukuwa, daga Katsina