Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game Da Gidan Da Yake Shirin Saye A Dubai

Aboabo, Kumasi.

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan'uwa na Nima, ina sanar da kai cewa mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta faɗa mini cewa kana shirin biyan kafin alƙalami na wani gida a Dubai, cikin wani bene da ba a gama gininsa ba. Na lura ita ka fara gaya wa, wataƙila don ka san ni mai yawan tambaya ne, to ga tambayoyin nan sun iso ka a rubuce, domin maganar dukiya mai yawa ta fi kyau a takarda, inda mutum zai karanta ya ajiye, ya sake dubawa bayan zuciyarsa ta kwanta.

Ban ga laifinka ba a kan abin da ya kawo maka wannan tunani. Lokacin da aka canza kuɗi a nan Ghana a watan Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu, sabon sidi ɗaya ya ɗan fi dala ɗaya daraja. A shekarar 2022 kuwa, mun shiga Janairu ana sayen dala a kan sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ya ƙare ta haura 14 a hannun 'yan canji, tsadar kaya ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba, sannan gwamnati ta fito da shirin sauya takardun bashinta na cikin gida, wanda ya taɓa har tsofaffi masu zaman fansho. Ɗan kasuwar da ya ga jarinsa yana raguwa alhali bai yi ɓarna ba, dole ya nemi inda zai adana guminsa, kuma dirhami, kuɗin da ake kashewa a Dubai, wanda aka ɗaure shi da dala a kan 3.67 tun 1997, yana da daɗin ji a kunnen irin wannan mutum. Niyyarka dai mai kyau ce. Abin da nake so ka fahimta shi ne matsayin da za ka tsaya a kai idan ka sayi gida a ƙasar da kai baƙo ne a cikinta, kuma a wannan fanni mu mutanen Zango muna da sani wanda ba a makaranta muka samo shi ba.

Ina saurayi lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi a ranar 18 ga Nuwamban 1969, aka ce duk wanda ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Waɗanda abin ya shafa ba 'yan ci-rani ba ne kaɗai. Akwai Yarabawa masu rumfuna a babbar kasuwa, akwai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro, aka haife su a nan, ba su san wani gari ba sai Kumasi. Da yawansu suna da gidaje na siminti da kwano, waɗanda suka gina da halaliyarsu, kuma babu wanda ya ce gidajen ba nasu ba ne. Abin da aka ce kawai shi ne su kansu ba za su zauna ba. Wanda aka ba shi kwana 14 ba shi da bakin yin ciniki, saboda haka wasu suka sayar a kan abin da bai kai kuɗin kwanon rufi ba, wasu suka bar mabuɗi a hannun maƙwabta bisa amana, kuma ba kowace amana ce ta dawo ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Najeriya, mutanen Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Ban kawo wannan don in ce Dubai za ta kori kowa ba. Na kawo shi ne don ka rarrabe abu biyu da dillalai suke son haɗa maka su wuri ɗaya, wato mallakar gida da izinin zama. Na farko kuɗinka ne yake saya, na biyu kuwa yana hannun masu ƙasa, suna bayarwa, suna sauya sharuɗɗansa lokacin da suka ga dama.

An ce mini dillalin ya yi maka maganar biza. Bizar zama ta shekara 10 da suke kira ta zinariya ana ba da ita ne ga wanda darajar gidansa ta kai dirhami miliyan 2, wato sama da dala dubu 540, kuma ko ita ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, sabunta ta ake yi muddin gidan yana hannunka. Fotugal ta daina ba da irin wannan biza ta hanyar sayen gida a 2023, Sifen ta rufe tata a 2025. Turkiyya, wadda take ba da zama ɗan ƙasa, ta ɗaga kuɗin daga dala dubu 250 zuwa dubu 400 a 2022. Idan don biza za ka saya, ka sani kana gini ne a kan dokar da ba a shawarce ka wajen yin ta ba, ba kuma za a shawarce ka ranar sauya ta ba. Mu ma nan haka muke yi wa baƙi: sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili ta dindindin, kuma ba a ba shi hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda.

A nan Aboabo, ko da takardar gidanmu ta ɓace, Allah Ya kiyaye, akwai sarkin Zango, akwai liman, akwai dattawan da suka ga lokacin da aka aza harsashi, za su tsaya su yi shaida. A can ba ka da ko ɗaya daga cikinsu. Shaidarka ɗaya ce, ita ce abin da aka rubuta a rajistar hukumar filaye ta Dubai, saboda haka duk hankalinka ya koma kan takarda. Sai a 2002 aka fara barin baƙi su mallaki gida a can, kuma dokar 2006 ta keɓe hakan ga wasu unguwanni da aka ayyana, ba ko'ina ba. Ka tabbatar benen yana cikin irin waɗannan unguwanni, ka kuma tabbatar abin da ake sayar maka mallaka ce ta dindindin, ba haya ta shekara 99 ba, domin dukansu biyu akwai su, kuma a bakin dillali sunansu ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin bai kammala ba. Abin da aka nuna maka zane ne na kwamfuta, da ruwan wanka mai shuɗi da itatuwan dabino, kuma magabata sun hana cinikin biri a sama. Kafin rikicin kuɗi na 2008 mutane da yawa sun sayi irin waɗannan gidaje a takarda, farashi ya faɗi da kusan rabi cikin ɗan lokaci, ayyuka da dama suka tsaya, wasu aka soke su gaba ɗaya. Daga 2014 zuwa 2020 ma farashin ya yi ta sauka sannu a hankali, abin da masu talla ba sa ambata. Gaskiya ne an ƙarfafa doka: tun 2007 wajibi ne kowane aikin gini da ake sayarwa kafin a gama shi ya kasance da asusun amana a banki, inda kuɗin masu saye yake shiga, ba a fitar wa kamfani sai gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. Amma dokar tana kare wanda ya bi ta ne kawai. Kada ko dirhami ɗaya ya fita daga hannunka zuwa asusun dillali, ko na wani aboki, ko ma asusun kamfanin na yau da kullum. Cikin asusun amanar aikin za ka zuba, kuma lambarsa ta dace da wadda hukuma ta rubuta. Bayan ka sa hannu, ka nemi shaidar rajistar wucin gadi da suke kira Oqood da sunanka a kai. Hukumar tana da manhaja a waya, Dubai REST, wadda take nuna ko aikin yana da rajista da kuma inda ya kai. Dillalin ma ka nemi lambar lasisinsa. Sannan idan ka je saro kaya, ka bar kasuwannin unguwar Deira yini guda, ka je ka ga wani benen da kamfanin ya gama shekaru da suka wuce, ka hau na'urar hawa, ka dubi bango, ka tambayi mazauna ko an ba su mabuɗi a kan lokaci.

Game da lissafi, farashin da aka faɗa maka ba shi ne abin da za ka kashe ba. Kuɗin rajista kashi 4 cikin ɗari ne, wato dirhami dubu 40 a kan gidan miliyan ɗaya, kuma idan gamammen gida ne daga hannun wani, la'adar dillali ta kashi 2 tana biyo baya. Akwai kuɗin kula da bene da ake biya kowace shekara gwargwadon faɗin gida, ko da mai haya ko babu, ga ladan wanda zai riƙa nemo maka 'yan haya yana karɓar kuɗi tun da kai kana Akra. Idan ka zare waɗannan daga hayar da aka yi maka alkawari, ka kuma cire watannin da gidan zai zauna babu kowa, abin da ya rage shi ne ribarka, shi za ka gwada da abin da wannan kuɗi yake kawo maka idan yana juyawa a shago. Ka kuma sani mai haya a can yana da kariya: ba ka ƙara masa kuɗi yadda ka so, kuma idan kana son ya tashi don ka sayar, sai ka ba shi sanarwar wata 12 a hukumance.

Biyan kashi-kashi da aka sauƙaƙa maka shi ne wurin da nake jin tsoro. Cinikinka da sidi kake yi, bashin kuwa da dirhami za ka ɗauka. Sidi ya farfaɗo a 2025, amma wanda ya ga 2022 ba zai rantse a kansa ba. Idan ya sake faɗuwa kana tsakiyar biya, kowane kashi zai ninka a kanka, kuma idan ka gaza, dokarsu ta bai wa kamfani damar soke ciniki ya riƙe har kashi 40 cikin ɗari na farashin gidan, gwargwadon inda gini ya kai. Saboda haka kada ka shiga sai kana da mafi yawan kuɗin a ajiye, kuɗin da ba jarin shago ba ne, ba kuma na mutane da ke hannunka ba. Bashin banki mai ruwa kuwa ka san matsayina a kansa, ba sai na maimaita ba. Ka kai yarjejeniyar wurin malami masanin mu'amala ya duba ta, musamman sharaɗin tarar jinkiri, ka tambaye shi kuma yadda zakkar kuɗin haya take.

Kuɗin su bi ta banki, da takardun da ke nuna inda ka samo su. Na san hanyar 'yan canji ta fi sauri, na kuma san akwai masu amana a cikinsu, amma ranar da za ka sayar da gidan ka dawo da kuɗinka, ko ranar da hukumar haraji ta nan za ta tambaye ka, tun da mazaunin Ghana ana bin sa haraji har a kan abin da ya samu a waje, rasit na banki ne zai yi maka magana. Kuma kada ka yarda a rubuta gidan da sunan wani, ko wane ne, da hujjar cewa shi mazaunin can ne, abin zai fi sauƙi. Wanda sunansa yake rajista shi ne mai gida a wurin alƙali. Lauyan da zai karanta maka yarjejeniyar ma ya zama kai ka ɗauke shi, kai kake biyansa, ba wanda kamfani ya nuna maka ba.

Saura maganar da matasa ba sa son ji. Rai na hannun Allah, kuma dukiyar da take wata ƙasa tana wahalar da magada fiye da wadda take gida. Kotun can ce za ta raba, bisa shari'ar Musulunci tun da kai Musulmi ne, amma kafin ta saurari matarka sai ta ga takardar aure da takardun haihuwar yara, an tantance su, an fassara su zuwa Larabci. Aurenka a masallaci aka ɗaura shi, shaidu suna nan da ransu, sai dai alƙalin Dubai ba zai kira su ba. Ka je ka yi masa rajista, ka duba sunayen yara su dace da yadda sunanka yake a fasfo harafi da harafi, ka kuma ajiye kwafin duk takardun gidan a wurin matarka da wurin ƙaninka.

Ra'ayina, idan kana son ji, shi ne ka fara gama takardun filinka na Kasoa a hukumar filaye, ka kewaye shi, domin filin da aka bari babu katanga a wannan yanki kowa ya san abin da ke samunsa. Bayan haka, idan akwai rarar da za ka iya mantawa da ita shekara biyar ko fiye ba tare da shago ya girgiza ba, ka sayi ƙaramin gida gamamme, wanda ka shiga da ƙafarka, mai takardar mallaka a hannu, ko da ya fi na zane tsada. Ban hana ka ba, kai ne mai dukiyarka, amma ina roƙonka kada ka biya komai a wannan wata, ko da an ce maka gidaje biyu suka rage. Ka aiko mini da sunan aikin da lambar asusun amanar da kwafin yarjejeniyar ta hannun direban da ke kawo mana saƙo, in ba ɗan baffanka lauya ya fara dubawa, sannan ka yi istihara.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a cikin nemanka.

Wassalam,
Mahaifinka.