Ga masu ƙera manhajar kula da takardun lamuni a Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana da matasan Yamai masu rubuta manhaja, da shugabannin bankuna da kamfanonin inshora masu sayenta. Batunmu shi ne fuskar manhajar da ake kula da takardun lamunin gwamnati da ita, wato abin da ma'aikaci ke gani a allon kwamfuta. Da yawa cikinsu suna buɗewa ne da zanen da'ira mai launi-launi da jimillar dukiya, alhali wanda ya zauna aiki da safe so yake ya san wace takarda za ta biya a wannan mako, nawa, kuma kuɗin sun shigo ko ba su shigo ba. Jadawalin biya na kwana 30 masu zuwa shi ya kamata ya zama shafin farko.

Takardun da baitulmalin ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ke sayarwa ta hannun hukumar UMOA-Titres iri biyu ne, BAT mai gajeren wa'adi da OAT mai dogon wa'adi, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne. BAT sefa miliyan 1 ce kowace guda, wa'adinta bai wuce shekara 2 ba, ana cire ruwanta tun wajen saye, bisa shekara mai kwana 360. OAT kuwa jika goma ce, wato sefa 10,000, wa'adinta ya haura shekara 2, ana biyan ruwanta shekara-shekara bisa ainihin kwanakin shekara. Wanda ya zuba su a layi ɗaya ƙarƙashin kalmar "ruwa" ya ruɗe mai dubawa. BAT mai kwana 364 a kan kashi 6 ana sayenta 939,333, a karɓi miliyan a ƙarshe, ribar gaskiya ta kusa kashi 6 da rabi. OAT mai kashi 6 ta shekara 3, wadda ake biyan uwar kuɗinta a ƙarshe, in an saye ta 9,500 ribarta ta kusa kashi 8. Duka biyun 6 ke rubuce a jikinsu. Don haka a ware gurbi biyu: ruwan da ke jikin takarda daban, ribar mai riƙe da ita daban, kuma a rubuta irin ƙidayar kwanakin a gefen lambar, kada a ɓoye ta cikin saituna.

Haka farashi. OAT ɗin nan mai biyan 600 a shekara, in ta canja hannu kwana 73 bayan biyan ƙarshe, mai saye zai ƙara wa mai sayarwa 120 na ruwan da ya taru. A takarda ɗaya ba wani abu ba ne, amma a takarda 50,000 miliyan 6 ke nan. Allon ya nuna layi uku: farashi tsura, ruwan da ya taru, da abin da zai fita daga asusu. Wasu takardun kuma kashi-kashi ake biyan uwar kuɗinsu bayan ƴan shekarun jinkiri. Allon da ke ci gaba da nuna 10,000 bayan an soma biya yana kumbura dukiyar banki a banza.

Abin da ya fi damunmu shi ne manhajar da ke rubuta "an biya" da kanta da zarar ranar biya ta zo. Bayan takunkumin da ƙasashen yankin suka sa wa Nijar a ƙarshen watan Yulin 2023, biyan takardunta ya tsaya har bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Manhajar da ba ta da gurbin "ranar ta wuce, kuɗi ba su shigo ba" ƙarya za ta yi wa mai ita a irin wannan hali. Matsayi huɗu ake bukata: ana jira, an biya, an biya wani sashe, an makara da kwana kaza. Kuma kada ya koma "an biya" sai an gwada shi da takardar asusu. A rubuta kalmar a fili, domin ja da kore kaɗai ba sa fita in an buga rahoto baƙi da fari, ga kuma masu idon da ba ya bambanta su.

Wajen shigar da odar saye ko sayarwa nan ake asara mai zafi. A ofisoshinmu da Faransanci ake aiki, inda 6,250 ke nufin shida da kwata, manhajar da aka saita da Turancin Ingila kuwa dubu shida da ɗari biyu da hamsin za ta karanta. Kwanan wata 03/04 ma haka: Afrilu ne a Yamai, Maris ne a tsarin Amurka, sai a rubuta sunan watan. Gurbin yawan takardu da gurbin kuɗi kada su yi kama. Cike ɗaya ya fitar da ɗayan nan take, domin wanda ya sa 500,000,000 a gurbin adadin OAT ya nemi ninki 10,000 na abin da yake nufi. Kafin oda ta fita, a maimaita jimillar da haruffa, sannan mutum na biyu ya amince da nasa mabuɗin, manhaja ta ajiye sunan kowa da lokacin da ya taɓa ta.

Mai saye kuma, kafin ya sa hannu a kwangila, ya ba ma'aikacinsa waɗannan misalai na sama ya shigar da hannunsa a gaban mai tallar.

Mun gode.

Wasu ma'aikatan sashen takardun lamuni,
Yamai