Wasiƙa kan manhajar da ke suma

Birnin Kebbi.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Nan zafi ya kankama, masu shinkafar rani suna fadama.

Ka ce manhajarku da aka gina kan Apache Camel (tsarin kai saƙonni tsakanin manhajoji), mai kai saƙon biyan kuɗi zuwa rumbun bayanai, takan yi kwanaki lafiya sannan ta suma, sai an tashe ta. Ina zargin ana buɗe abubuwa ne ba a rufewa. A yawancin na'urorin Linux manhaja ba ta wuce fayil 1024 a buɗe, kowane layin sadarwa ma a cikin lissafin yake. Rumbun bayanai na PostgreSQL kuma, in ba a taɓa saitinsa ba, layi 100 yake karɓa. Yoyo kaɗan-kaɗan kan cinye wannan.

Fara duba ProducerTemplate, abin da ake tura saƙo da shi a Camel. Masu gaggawa kan ƙirƙiri sabo a kan kowane saƙo su bar shi, alhali ɗaya ya isa a yi ta amfani da shi, a tsayar da shi a ƙarshe. Sashen da kuka rubuta da kanku kuwa, duk abin da ya buɗe a doStart (wurin tayarwa) ya rufe shi a doStop (wurin tsayarwa), ko da tashin ya karye a rabi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen kashewa. Mai ban-ruwa ba ya naɗe tiyo inji na aiki. A fara daina karɓar sabon saƙo, a jira waɗanda ke hanya su isa, sannan a rufe layukan rumbu. Wanda aka buɗe farko shi ake rufewa ƙarshe. In aka juya, kuɗi ya fita amma ba a rubuta ba, ko a rubuta sau biyu da an sake turowa.

Ga wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba. In za a kashe, Camel na yanzu yakan jira daƙiƙa 45 saƙonni su ƙarasa, amma tsare-tsaren da ake gudanar da manhaja a cikinsu ba su jira haka: Docker daƙiƙa 10 yake bayarwa ya yanke, Kubernetes 30. Ka ƙara lokacin Docker ko Kubernetes ya zarce na Camel, ka sa daƙiƙa 60. Ɗaukewar wuta ba ta jiran kowa, don haka kowane saƙo ya zo da lambarsa, rumbu ya ƙi maimaici.

Ka ƙirga fayilolin da ke buɗe da umarnin lsof na Linux safe da yamma, ka turo mini adadin na kwana uku.

A gaida su Hajiya da yara.

Naka,
Bello